Farin Yadin Alhaji Salihu

Alhaji Salihu Maidaji ya yi shekara talatin yana sayar da abin da ba a cika sayensa da fara'a ba. Farin yadi ne hajarsa, kuma kowa a Kantin Kwari ya san rabin abin da ke fita daga rumfarsa likkafani ake yi da shi. Yadi kuwa ya san shi ciki da bai. Ka rufe masa ido ka miƙa masa ƙyalle, zai murza shi tsakanin yatsu biyu ya gaya maka masaƙar da ta yi shi. Neman masaƙa mai kyau ne ya kai shi Hong Kong, daga nan ya zarce Guangzhou, tun lokacin da Hausawan garin ba su cika sahu biyu a masallaci ba.

A siton da ake ɗaure masa kaya, can wajen Sanyuanli, akwai wani mutumin arewacin China mai suna Gau. Dogo ne, marar magana, aikinsa ɗinke dila da basilla. Kalmomin da ke tsakaninsa da Salihu ba su wuce ashirin ba, saura duk hannu ne da kai. Amma shekara biyu da suka wuce, da zazzaɓi ya kwantar da Salihu a masauki, Gau ne ya goyo shi daga hawa na shida har bakin titi. Da aka sallamo shi daga asibiti kuma, kwana bakwai Gau yana kawo masa kunun gero. Abin da Salihu bai taɓa mantawa ba shi ne tukunyar. Sabuwa fil Gau ya sayo, ya juya masa gindinta ya gani, don ya san naman alade bai taɓa shiga cikinta ba. Geron kuwa uwar Gau ce ke nomawa a ƙauye tana aiko masa. Hotonta na cikin aljihunsa kullum, wata 'yar tsohuwa riƙe da hannun jikarta, ɗiyar Gau, wadda uwarta ta rasu wajen haihuwarta. Tun daga ciwon nan Salihu ke kiransa Malam Gau, shi kuma yana ce masa Lawban Sali, wato maigida Sali.

Ranar wata Asabar cikin Janairun 1998, azumi ya ɗan wuce goma, aka yi girgizar ƙasa a yankin Zhangbei. Washegari suna buɗa-baki a wani gidan abincin Musulmi a Xiaobei suka gani a talabijin: gidajen laka sun zube, mutane na tsaye cikin dusar ƙanƙara sun rungume jikinsu. Isufu, mutumin Damagaram da ya yi karatu a Beijing ya zama tafintan kowa, ya ajiye cokalinsa.

"Alhaji, ai yankin su Gau ne wannan," ya ce.

Salihu ya ture kwanonsa gefe. Da safe ya iske Gau a wajen wayar tarho ta bakin layi, yana bugawa yana ajiyewa, yana bugawa yana ajiyewa. Ƙauyensu ba waya, sai a garin da ke kusa, can ma layi ya katse. Ba wanda ya san ko tsohuwar da yarinyar na raye.

Da la'asar Hausawan suka taru a ɗan ofishin Isufu a ginin Tianxiu. Isufu ya ce 'yan yankin su Gau da ke aiki a Guangzhou sun samu babbar mota da za ta tafi arewa ranar Asabar, duk mai abin bayarwa ya kawo. Mutanenmu kuwa wajen gudummawa ba a bar su a baya ba, sai dai wajen sanin sanyi ne aka bar su nesa. Kafin magariba ofis ya cika da kaya: singileti, rigunan shan iska, silifas dozin-dozin, duk kayan da aka sayo don zafin Kano da Kumasi. Hajiya Abiba, 'yar zangon Kumasi mai fataucin atamfa, wadda bakinta ba ya jin nauyin kowa, ta ɗaga wata singileti da yatsu biyu.

"Wanene mai wannan? Isufu, gaya musu irin sanyin da ake yi can."

"Hajiya, idan ka watsa ruwa sama, kafin ya sauko ya fara daskarewa."

"To kun ji. Ku kwashe tarkacenku, ku kawo abin rufa."

Salihu yana gefe, nasa tunanin daban ne. Kowa na maganar masu rai, wa ke tuna mamata? A Kano, duk lokacin da aka yi gobara ko haɗarin mota, ba ya jira a roƙe shi. Yadi yake yankawa ya aika, don ya ga yadda mutum ke rasa abin suturta gawarsa a ranar da hankalinsa ba ya jikinsa. A wurinsa babu karamcin da ya wuce wannan. Yana da bandir goma sha biyu na wani yadi da ya fi so, mai kauri da laushi, da siririn shuɗin zare a bakinsa, wanda ya keɓe wa manyan masu sayensa. Bai shawarci Isufu ba, don yana ganin sadaka ba ta son shela. Nan ne dattijo ya yi kuskure.

Talata da hantsi ya sa aka tura masa yadin har cikin sito. Gau na zaune a kan wata dila, idanunsa sun yi ja, basilla a hannu amma ba ya ɗinki. Salihu ya warware bandir ɗaya, ya shimfiɗa farin a kan hannayensa biyu yadda ake miƙa kyauta ga mai daraja, ya ɗan rusuna. Ya nuna arewa, ya nuna aljihun da hoton yake, ya miƙa.

Masu turin kaya suka tsaya cak. Gau ya dubi yadin, ya dubi Salihu, fuskarsa ta canza gaba ɗaya. Ya miƙe a hankali.

"Buyau," ya ce. Wannan kalma kowane ɗan kasuwa ya san ta, ba na so ke nan.

Salihu ya zaci kunya ce, irin ta mutumin kirki da ba ya son a yi masa ɗawainiya, sai ya ƙara matsawa yana murmushi. Gau ya ture yadin da bayan hannu, farin ya zube a ƙasa mai dauɗa. Ya jefar da basillar ya fice, bai waiwayo ba. Wani tsoho cikin ma'aikatan ya riƙa yi wa Salihu faɗa da yarensu yana nuna ƙofa.

Da Isufu ya ji abin da ya faru, sai ya dafe kai.

"Alhaji, me ya sa ba ka tambaye ni ba? Su nan ba gawa ake naɗewa da fari ba. Gawarsu tufafi masu launi ake sa mata. Fari na masu rai ne, 'ya'yan mamaci ke sa shi ranar makoki. Mutumin da ke kwana a bakin waya yana jiran labarin uwarsa, ka miƙa masa fari da hannu biyu? Kamar ka ce masa ya shirya ne, ta riga ta tafi. Wasunsu ma gani suke kiran abin ka yi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Salihu. Ya zauna a kan kujera. "Ni da na sha geron matar nan?"

Ranar nan dabino da ruwa kawai ya iya sa wa a bakinsa. Ya yi shekaru yana taƙama da cewa ya san ladabin mutuwa fiye da kowa, yau ga shi ya soki mutumin da ya goye shi a bayansa, a daidai inda ya fi ciwo. Kunya ta ishe shi, baƙin ciki ya fi kunyar yawa. Abin da ya fi damunsa shi ne motar za ta tashi Asabar, shi kuma jirginsa na Kano Litinin, kuma ba shi da bakin da zai ba da haƙuri. Ya aika Isufu, Gau ya ƙi sauraro.

Laraba da sassafe Hajiya Abiba ta buga masa ƙofa.

"Alhaji, na ji aika-aikar da ka yi. Zaman jugum ba zai ɗumama kowa ba. Ina yadin?"

"Hajiya, bar yadin nan. Ko ganinsa ba na son yi."

"Ni ina so. Tashi mu je Shahe."

A Shahe akwai wata tela, Madam Lin, mai kekuna shida a bayan kasuwa, wadda ke yi wa Abiba ɗinki. Da ta ga an sauke farin yadi a ƙofar shagonta, ita ma sai da ta ja baya. Isufu ya yi mata bayani tun daga farko. Ta dubi tsohon da ke tsaye kansa a ƙasa, sannan ta shige ciki ta fito da bargon da take kwanciyar rana da shi. Bargon auduga ne mai kauri, samansa jan zane mai furanni. Ta juya shi. Cikinsa, wajen da ke taɓa jiki, fari ne tas.

Isufu ya fassara: "Ta ce haka bargonsu yake tun kakanni, launi a waje, fari a ciki. Wai idan fari ya shiga bargo, ba na makoki ba ne kuma."

Abiba ba ta jira ya ƙarasa ba. Ta aika aka kwaso atamfofin da ta saya don kasuwar Sallah, turmi-turmi, masu kifi, masu mafici, masu ganyen rogo. Masu singiletin shekaranjiya suka bazu neman auduga, suka riƙa shigo da ita a ka. Kwana uku shagon Madam Lin bai yi aikin kowa ba. Manyan alhazai da ko maɓallin rigarsu ba su taɓa ɗinkewa ba suka zauna a ƙasa da azumi a bakinsu suna baza auduga, gemu duk ya yi fari, Abiba na bin su da faɗa.

Salihu ne mai yanka. A nan ya gane abin da hannunsa ya saba da shi. Da ya ɗauki almakashi sai hannun ya tafi awon likkafani da kansa, tsayin mutum da 'yar rarar da ake ɗaurewa a kai da ƙafa. Sau biyu Madam Lin tana riƙe masa hannu tana ƙara masa faɗi. A karo na uku ya ajiye almakashin ya fita waje, ya daɗe a tsaye yana kallon masu wucewa. Da ya dawo bai ƙara kuskurewa ba. Duk fallen da ya yanka sai ya yi bisimilla, ya roƙi Allah ya sa mai rai ne zai kwanta a ciki.

Asabar da safe aka kai barguna bakin motar. Kaya sun taru daga ko'ina, tsofaffin kwat-kwat, buhunan garin alkama, tukwane. Gau ne ke ɗaurin, don shi zai bi motar. Ya rame cikin mako guda. Da ya zo kan tulin bargunan atamfa sai ya tsaya, ya shafa na sama, ya ɗaga gefensa. Ya ga farin, ya ga shuɗin zaren. Hannunsa ya daɗe a wurin.

Salihu na tsaye taku biyar daga gare shi. Ya ce da Isufu, "Gaya masa jahilci ne. Gaya masa a garinmu haka ake girmama mutane, ban san nasu ba. Ya yafe mini."

Isufu ya faɗa. Gau bai ɗago ba. Ya ninke bargon, ya ja igiya, ya ɗaure tamau kamar yadda yake ɗaure kowace dila, ya ɗora a mota. Da aka gama lodi ya hau gaba kusa da direba. Salihu ya ɗaga hannu, bai sani ba ko an gan shi.

"Ya dai karɓa," in ji Abiba.

"Bargo ya karɓa, Hajiya," Salihu ya ce.

Ya yi ƙaramar Sallah a Kano, amma rabin zuciyarsa na wani ƙauye da ko sunansa bai iya faɗa ba. Duk wanda ya zo rumfa sayen likkafani, idan Salihu ya miƙa masa da hannu biyu sai fuskar Gau ta faɗo masa. Sau uku yana buga wa Isufu waya, amsar ɗaya ce: Gau bai dawo ba, ba kuma labari. Iyalinsa suka lura ya daina shan kunun gero, suka yi ta tambaya ko ciki ne ke damunsa.

Sai bayan babbar Sallah ya koma Guangzhou, lokacin garin ya fara zafi da ruwan sama. Ko masauki bai nema ba, ya ja Isufu suka wuce sito. Tun daga ƙofa ya hango dogon bayan nan a sunkuye kan dila, basilla na shiga tana fita. Gau ya juyo, ya miƙe tsaye. Salihu ya kasa haɗa ido da shi, ya sunkuyar da kai.

Takalman Gau baƙaƙe ne na zane, irin na mutanen ƙauye. A kan kowanne an ɗinka farin ƙyalle ya rufe gaban ƙafar. Ya yi dauɗa, ya fara zarewa a gefe, amma Salihu ba ya bukatar ya taɓa. A bakin ƙyallen ƙafar hagu ga siririn shuɗin zare nan.

"Isufu," ya ce, "mene ne wannan a ƙafarsa?"

Isufu ya dubi takalman. "Alamar makoki ce, Alhaji. Ɗa ke sa wa idan uwa ko uba ya rasu."

Abin da Salihu ya yi wata uku yana tsoro ke nan. Ya buɗe baki zai yi magana, Gau ya ɗaga masa hannu, ya jawo wata dila ya nuna masa ya zauna. Sannan mutumin da ba ya magana ya yi magana mai tsawo, Isufu na bi a hankali.

Ya ce ya iske su da rai, su biyun. Yarinyar ko ƙwarzane ba ta yi ba, tana waje lokacin da abin ya faru. Tsohuwar ce azara ta faɗo mata a ƙirji, maƙwabta suka jawo ta. Ya same ta a tanti tana rawar ɗari, numfashi da ƙyar. Suka raba barguna tanti-tanti, aka fara da masu tsofaffi da masu jarirai. Mutanen ƙauye ba su taɓa ganin irin zanen ba, har yara ke zagayawa suna leƙen na wasu, ana gardamar na wa ya fi kyau. Uwarsa mai kifi ta samu. Ta tambaye shi wa ya aiko, ya ce mata baƙon nan ne mai shan geronki. Wai ta yi dariya har ƙirjin ya yi mata zafi, ta ce ashe geron ya yi nisa.

Kwana tara ta yi a cikin bargon. Ta ga sabuwar shekararsu, washegari ta cika.

"Ya ce ranar ba inda ba su nema farin yadi ba," in ji Isufu. "Kantin garin ya rushe, hanya ta toshe da ƙanƙara. Ɗa kuma ba ya raka uwarsa kabari ba fari a jikinsa, abin kunya ne har ƙarshen rayuwa. Sai yarinyar ta juya bargon kakarta ta nuna masa. Suka zauna su biyu suka farke cikinsa. Farin ya ishe shi, ya ishe ta, har da 'yan uwa."

Gau ya ƙara wata magana gajeriya, yana duban Salihu ido cikin ido. Isufu ya share fuskarsa kafin ya fassara.

"Ya ce azara ce ta kashe ta, tun kafin ka kawo yadi. Ya ce ba ta mutu cikin sanyi ba."

Hawaye suka zubo wa Salihu, bai ɓoye su ba. Gau ya je bayan sito ya dawo da wani ɗan ƙullin buhu, bai fi mudu biyu ba, ya ajiye masa a cinya. Ba sai an fassara ba. Gero ne, ragowar na ƙarshe da ta noma, wanda aka tono daga ƙarƙashin ginin.

Salihu ya rungume ƙullin. Isufu ya tambaye shi ko akwai abin da zai gaya wa Gau.

"Babu," ya ce. "Je ka abinka, Isufu. Ta'aziyya zan yi."

Ya cire takalmansa ya sauko daga kan dilar, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, yadda ake zama a ƙofar gidan da aka yi rashi. Gau ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya ajiye basillar, ya zauna kusa da shi. Masu turin kaya suka riƙa kewaye su suna wucewa, ba wanda ya ce su tashi.